Dutsen da Ba Ya Son Tsami

A gidanmu na Tudun Fulani, barandar Kaka ce kaɗai ba a yi wa daɓen siminti ba. Mijinta direban tifa ne, kuma in ya dawo daga wurin fasa dutse a hanyar Suleja yakan taho da ɓallin farin dutsen nan mai laushi da ake kira mabul. Da hannunsa ya jera su, manya da ƙanana, babu biyu masu kama ɗaya. Ban tashi na same shi da rai ba. Daɓensa na tarar.

Da an idar da magariba, Kaka takan hura wuta can ƙasa, gefen baranda, ta ɗora doya a garwashi. Mu kuma mu baje a kan dutsen, wanda har lokacin yana riƙe da ɗumin rana. Ni da Balaraba, 'yar Kawu Sani, mu ne a gaba kullum. Sa'ata ce, kwano ɗaya muke ci, zani ɗaya muke rufa.

Mun san darajar wurin da muke zaune, domin kowace safiya muna ganin hidimarsa. Kaka takan fara share yashi tas, wai shi ne ke karce fuskar dutse. Sai ta kawo ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu kaɗan, ta bi shi da tsohon zani mai laushi, ta sake bi da busasshe. In manja ya ɗiga, ba ta dirzawa. Garin alabo take barbaɗawa ya kwana ya tsotse. Zoɓo da lemun tsami kuwa, a tsakar gida ake shan su. Maƙwabciyarmu Maman Joy, mutuniyar kudancin Kaduna, in ta shigo takan ce, "Kaka, wannan dutse naka ya fi madubina kyau." Kaka ta ce, "To ki riƙa zuwa nan shafa hoda, amma takalminki ya jira ki a waje."

Ba ta buɗe tatsuniya irin ta kowa. Zobenta take ƙwanƙwasawa a daɓen ta ce, "Ga ta nan kan dutse." Mu ce ta sauko mu ji ta.

Wadda ta fi maimaitawa ta wata yarinya ce mai wanki a rafi. Akwai wani farin dutse a bakin ruwa da ta saba zama a kai. Yau da gobe ya yi sumul har tana ganin fuskarta a jikinsa, kuma ya fara yi mata magana. Shi ke gaya mata in ruwa zai cika, shi ke sauraron kukanta. Ran nan ta tambaye shi abin da yake tsoro. Ya ce guduma ba ta dame shi ba, rana ma haka, abu ɗaya ne ke cinye shi: tsami. Ya ce ita kaɗai ya gaya wa. Ana nan, sai 'yan matan gari suka yi mata dariya, wai ƙawancenta da dutse mai dauɗa. Ta jiƙa tsamiya, ta matsa lemo, ta kwarara masa don ya yi fari su gani. Ya yi farin kuwa. Amma da ta leƙa ba ta ga fuskarta ba, da ta kira shi bai amsa ba.

"Ya mutu ne, Kaka?" in ji Balaraba. Ita ce mai tambaya kullum.

"Dutse ba ya mutuwa, ƙawata. Shiru yake yi." Sai ta ɓare doya ta miƙa mana. "Ƙurunƙus, ku tashi ku yi isha'i."

Shekarar da aka yi mini aure na tare a unguwar Fadikpe, a ita Kaka ta kwanta ciwon ajali. Ta haɗa hannuna da na Balaraba ta ce, "Ban bar gwal ba. Ga daɓen mijina nan, amana ne a hannunku." Muka amsa tare. Tun daga nan, duk Juma'a nakan hau acaɓa in je in wanke shi yadda ta koya mana, in zauna daidai gurbinta in yi mata addu'a. Wurin ya fi ko'ina sheƙi, don nan take sallah.

Da bikin Balaraba ya matso, ta fara matsa wa Kawu a fasa daɓen a sa tayil na zamani. Kawu ya ce muddin daɓen mahaifiyarsa yana nan lafiya, ba mai ɗora masa guduma. Na ɗauka zance ya ƙare. Ranar wata Alhamis ta kira ni a waya. "Zulai, kada ki wahalar da kanki gobe, ga cikinki ya tsufa. Ni zan wanke." Har hawaye na yi don jin daɗi, na sa mata albarka.

Da na je mako na gaba, wari ne ya fara tarbe ni, mai harbin hanci. Daɓen ya yi fari fat kamar alli. Na tsuguna na shafa, sai na ji shi kamar dutsen guga ƙafa, duk ya yi ƙananan ramuka. Gurbin Kaka ma ban gane shi ba. A jikin bango ga jarkar asid ɗin da masu sa tayil ke wanke siminti da shi.

Balaraba ta fito da lalle a hannu. Na ce, "Kuskure aka yi ko?" Wallahi so nake ta yi mini ƙarya.

Ta kau da kai. "Dangin mijina daga Abuja za su zo, Zulai. A kan fasassun duwatsu zan zaunar da su? Na gwada soson ƙarfe, ɗan karce kawai ya yi masa. Sai na tuna abin da Kaka ta ce."

Kawu ya duba ya ce abin da ya lalace ya riga ya lalace. Kafin biki aka farfasa shi. Maman Joy ce ta tsamo mini ɓalli guda ɗaya daga cikin ɓaraguzai, ta naɗe shi a zaninta ta kawo mini har gida.

Da ina ƙarama na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga mai wanke dutse. Sai da na girma na gane kuka ne na wanda ya faɗi rauninsa ga masoyi. Ni da Balaraba kunne ɗaya muka ba Kaka. Ni na koyi yadda ake raya daɓen, ita ta riƙe yadda ake kashe shi. Muna gaisawa, ina zuwa sunan 'ya'yanta, zumunci ba abin yankewa ba ne. Kullum ina roƙon Allah Ya wanke mini zuciya, amma ban isa in ce an gama ba.

Ɓallin yana ƙofar ɗakina. Duk Juma'a ina wanke shi da ruwa mai ɗumi, ko da yake na san sheƙin ba zai dawo ba. Jiya 'yata ta zauna kusa da shi ta ce in ba ta tatsuniyar dutse mai magana. Na ƙwanƙwasa zobena, na fara, har na kai inda yarinyar ta tambaye shi abin da yake tsoro.

"Me ya ce, Umma?"

Na daɗe ina duban fuskarta. Sannan na gaya mata, kamar yadda Kaka ta gaya mana mu biyu.