Baftismar da Inna ta yi

Har yau idan na tuna da katashis ɗin ƙauyenmu, mai koya mana addini a wajen Sukukutane, sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru.

Damina ce, matar ƙanena ta haihu bakwaini. Yaron ko kuka bai iya ba. Mompe, wato limaminmu na Katolika, yana Dogon Dutsi, ruwa kuma ya cinye hanya. Inna, mahaifiyarmu, ta duba ta ga numfashin yana tafiya, sai ta ɗebo ruwa a randa da ludayi, ta zuba masa a goshi sau uku, ta yi masa baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kafin rana ta karkata ya cika.

Da ƙanena ya je a ba shi wuri a maƙabartar Kirista, katashis ya hana. Ya zo har gida, ya tsaya a kan tsohuwar da ta girme shi nesa ba kusa ba.

"Inna, wa yab ba ki wanga iko? Macce ba ta baftisma."

Aka binne yaron a gefen gonarmu, babu addu'a, babu gicciye. Daga ranar Inna ta daina karɓar Jikin Almasihu a majami'a, wai ta yi shisshigi cikin aikin da ba nata ba. Shekara uku tana zama a bencin baya, kanta a sunkuye.

Ni ma ina da laifi, kuma ina jin haushin kaina. Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ina karanta Faransanci, amma na yarda da maganarsa ban tambayi kowa ba. Mun san wajibanmu tsaf: zuwa addu'ar Lahadi, azumi, sharar majami'a. Haƙƙinmu kuwa babu wanda ya taɓa buɗe baki ya faɗa mana.

Wata rana a Dogon Dutsi zance ya kawo zance, na ba mompe labarin. Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce dokar ikilisiya a fili take: idan rai yana cikin haɗari kuma babu limami kusa, kowa yana iya yin baftisma, mace ko namiji. Ya ce Inna daidai ta yi, yaron Kirista ne, kuma ya cancanci jana'iza irin ta kowa.

Na fita cike da fushi. Katashis ɗin ya riga ya bar ƙauyen, balle in je in faɗa masa abin da ke bakina.

Bayan girbi mompe ya zo don ya albarkaci kabarin. Inna ta shige gaba cikin karan gero, ta tsaya nan, ta matsa can, ta dawo. Sau uku an nome wurin. Muna tsaye da ruwa mai tsarki a hannu, ta juyo ta dube ni.

"Ɗiyata, ban gane wurin ba."