Idon Malamar Aji Huɗu

Malamar aji huɗu ta shekara ashirin da biyu tana shaƙar ƙurar alli, ko ƙuda bai isa ya gifta ajinta ba izini ba. To, sai ido ya fara yi mata tsiya. Tana ganin babban abu, amma rubutun littafi ya koma mata tururuwa cikin hayaƙi. Ba ta gaya wa kowa ba, har maigidanta, don bakinsa ba shi da murfi. Ta ga yadda aka sallami malamin lissafi da kunnensa ya toshe, ga kuma 'ya'ya uku tana ciyarwa.

Tsoro ne ya koya mata dabara. Yaro ɗaya ya karanta labari da ƙarfi, biyu su fito allo su zana abin da suka ji, sauran su kama musu kuskure. Duk mai gardama sai ya nemo layin ya karanto. Yaran da ko da bulala ba sa maimaita shafi, sai ga su suna bin sa sau biyar don kawai su kunyata juna.

Ran nan sufeto ya faɗo ba sanarwa, ya zauna a bencin baya. Labarin wata akuya ake zanawa a allo.

"Malama, ƙafa uku ya yi wa akuyar!" in ji wata yarinya.

"Gurguwa ce, uwar iyayi!" in ji mai zanen.

Sufeto ya taso, ya miƙa mata littafin a buɗe. "Malama, raba musu gardama."

Ta matso da shi, ta nesanta shi. "Ranka ya daɗe, a ajin nan mai neman amsa shi ke karantawa."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya karanta. Akuya dai lafiyarta lau. Da zai tafi ya ajiye mata takarda a ninke.

Kwana uku takardar nan tana cikin jakarta kamar kunama. Abinci ya ƙi shiga. Wa za ta ba ya karanta mata sallamarta? A na huɗu, da aka tashi, ta kulle aji, ta buɗe ta a bakin taga.

Babu rubutu. Zane ne da alƙalami mai kauri: mace a gaban allo, allinta a hannu, ga ƙaton tabarau a fuskarta.

Washegari ta tafi asibitin ido. Amma hancin da ya zana mata, har yau ba ta yafe masa ba.