Animonin Issahaku a Gidan Takaba

Mama Katumi maƙwabciyata ce a unguwar Thamesmead a Landan, ƙofarmu na kallon juna a hawa na tara na wani dogon benen haya na hukuma wanda iskar kogi ke kuka a lungunansa ko da rana tsaka. Shekara guda muna gaisawa a bakin lif kafin ta ce in shigo in sha shayi, a 1996. A falonta akwai tankin gilashi mai tsawon gadon mutum ɗaya, cike da ruwan gishiri da duwatsun murjani da ƙananan kifaye. Ta ga idona a kansa, ta ce, "Ɗana, kana da lokaci?" Na ce ina da shi. Sai da muka yi zama huɗu kafin ta ƙarasa wannan labari. Hausarta ta zango ce, ba ruwanta da bambancin mace da namiji, kuma na bar maganarsu yadda ta faɗa mini.

A zangon Kumasi aka haife ta. Tana da shekara ashirin aka ɗaura mata aure da Issahaku, mutumin Sekondi, mai shafa wa injin jirgin ruwa mai. Shekara goma sha ɗaya yana yawo bisa teku, sannan ya sauka a Ingila ya samu aikin wanke bas a wani gareji kusa da Plumstead. Ita ta biyo shi a 1981, ta bar 'yarsu Hamdatu a hannun kakarta, ta kama aikin wanki da guga a gidan kula da tsofaffi.

Issahaku yakan ce duk shekarun da ya yi bisa teku bai taɓa ganin abin da ke ƙarƙashinta ba, sai ranar da ya tsaya fakewar ruwan sama a ƙofar wani shagon kifin ado. Daga nan ya kamu. Ya fara da ƙaramin tanki, ya koma babba. Ya koyi haɗa gishiri da ruwa, da auna shi, da zafin da ruwan ke so.

"Baban Hamdatu," in ji Katumi, "kifi cike da falo, ni kuma ina hawa bas zuwa Woolwich sayen kifin miya. Wannan wane irin aure ne?"

"Ka taɓa ɗaya ka gani," in ji shi. "Ni da kai sai kotun Sarauniya."

A watan Nuwamba na 1989 ya shigo da leda cike da ruwa, ya ɓoye ta cikin kwat saboda sanyi. Abin da ke ciki sunansa animoni. In ka gan ta ka ce fure ne, amma dabba ce: tana da ƙafa ɗaya mai faɗi da take manne wa dutse, da baki a tsakiya, da yatsu masu laushi sun kewaye bakin. Ba ido, ba ƙashi. Rabin abincinta daga haske yake. Tafiya mai nisa ta wahalar da ita, don haka da ya saka ta sai ta dunƙule kamar tsumma, ta ƙi buɗewa.

Kwana uku yana zaune gabanta. Rana ta huɗu da safe, yana ɗaura takalmi, ya ce, "Katumi, kar ka kashe fitilan nan da rana. Kar ka taɓa shi, ko ya bar dutse. Bari shi ya nemi wurin zama da kansa. Na ba ka amana."

Ta ce, "To, na ji. Je ka, za ka makara."

Kafin azahar zuciyarsa ta tsaya, yana riƙe da tiyo a gareji.

Wadda ta tsaya a kan komai ita ce Hajiya Awawu, uwar matan zango na wannan yanki. Ita ta tarbi Katumi ranar da ta sauka Landan, ita ta nema mata aiki, ita ta raka ta layin neman takardar zama a Croydon har sau uku. Ba a yi mata musu. Da aka dawo daga maƙabarta ta zaunar da Katumi ta karanta mata dokokin takaba yadda ake yi a gidansu: wata huɗu da kwana goma, ba fita, ba ado, ba turare, ba kallon madubi. Ta sa aka juya madubin ɗaki, aka liƙa jarida a na banɗaki. Tana fitowa falo ta ga fuskarta a gilashin tanki.

"Wannan ma madubi ne," in ji ta.

Ta yafa masa bargo mai kauri, ta kashe fitilar. Za ta zare fulogin injin da ke juya ruwan, Katumi ta riƙe mata hannu tana kuka, sai ta bari.

Kwana bakwai gidan na cike da masu gaisuwa. Ana zaune ana addu'a, injin na gunji a ƙarƙashin bargo, wani lokaci sai sautin ya canza kamar mai gyaran murya, mata su kalli juna. Katumi na zura hannu ta sama ta watsa wa kifayen abinci, fuskarta a juye. Ranar da aka yi sadakar bakwai aka watse, wajen la'asar, ta rage ita kaɗai. Ta tsaya daga gefe inda ba za ta ga kanta ba, ta ɗaga bakin bargon.

Animonin ba ta kan dutsen da ya ajiye ta. Ta tako ta hau gilashin gaba, ta manna ƙafarta a jiki kamar tafin hannun wanda ke ciki yana son a buɗe masa. Launinta na ƙasa-ƙasa ya kwaranye, ta yi fari fat. Bakin ya wage, yatsun sun zube.

Katumi ta saki bargon. Ta nufi wurin tarho. Lambar shagon na rubuce a jikin buhun gishiri, da hannun Issahaku.

Mai shagon, wani Bature da ake kira Colin, ya yi mata ta'aziyya da ya ji rasuwar. Sannan ya ce duhu ne ke kashe ta. A mayar mata da haske, awa huɗu a rana, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kar a ba ta abinci sai bakin ya rufe. Kar a ɓamɓare ta daga gilashi, ƙafar za ta yage. "Leave her be, love," in ji shi, wato a ƙyale ta. Ya ƙara da abu ɗaya: in ta mutu a cikin ruwan, za ta narke ta zama guba, kafin kwana ɗaya duk abin da ke tankin ya bi ta. Alamar ita ce wari. Kowace safiya ta ɗaga murfi ta sansana.

Washegari Hajiya Awawu ta zo da kwanon waake, wato shinkafa da wake, ta tarar da haske na fita ta ƙasan bargo.

"Katumi, wa ya kunna?"

"Ni ne, Mma. Amana ya ba ni, yana ɗaura takalmi."

"Abu ba ƙafa, yana tafiya a gidan mamaci, ka ce amana? Shi ba kifi ba, shi ba ganye ba. Ranar arba'in yarona Masawudu zai zo da bokiti, a juye ruwan nan a masai kowa ya huta."

Katumi ta shiga ɗaki ta fito da farin yadi, ragowar wanda aka yanka wa Issahaku likkafani. Ta rufe ido ta janye bargon, ta rataya yadin a madadinsa. Hasken fitilar ya ratso shi gaba ɗaya, gilashi bai fito ba, fuskar kowa ba ta fito ba. Sai inuwa guda a sama-sama, kamar faifai, ba ta motsi.

"Ga shi, Mma. Ban ga fuskana ba, shi kuma ya samu haske."

Hajiya ta dubi yadin. Ta ce, "Kai dai tun kana amarya kunnenka ke da ƙashi." Ta ajiye kwanon ta fita.

Haka Katumi ta yi jinyar abin da ba ta gani. Da safe ta ɗaga murfi ta sansana: ƙamshin bakin teku ne, kamar rigar Issahaku in ya dawo daga tafiya. Ta kunna fitila ta zauna ta karanta inuwa. In ta ƙanƙance, ranar ba daɗi. In gefenta ya yi gashi-gashi, yatsun sun miƙe ke nan. Duk Juma'a ta kwashe bokiti ɗaya ta zuba sabo, ta auna gishiri da ɗan gilashin da ke yawo bisa ruwa, yadda ta sha ganin yana yi. Cikin mako na huɗu ta soke ɗan guntun jatan lande a tsinken saƙa, ta zura ta sama tana bin inuwar. Sai ta ji an kama tsinken daga ƙasa. Riƙo ne mai taushi, ana ja a hankali, irin na jariri in ya kama yatsa. Ta ce ba ta san ko ta yi murna ko ta gudu ba.

Ranar arba'in mata sun cika falo, ana cin shinkafa. Fitilar ta kunnu, inuwar ta buɗe a jikin farin yadin, yatsu fiye da ɗari suna lilo gefe guda, su dawo. Cokula suka tsaya. Wata ta fara karanta Ayatul Kursiyyu a ƙasan murya. Abibatu, mai sayar da atamfa a Plumstead, wadda bakinta ba ya zama, ta ce, "Kai, ko ranar aurensa Issahaku bai yi rawa haka ba." Aka yi dariya kaɗan, dariyar ta mutu nan take, don inuwar ta tsaya cak sannan ta karkata wajen da muryar ta fito. Colin ya ce wa Katumi daga baya ruwan ne ke kaɗa ta. Abibatu dai ba ta ƙara shiga gidan ba sai bayan salla.

Masawudu na tsaye a ƙofa da bokiti biyu. Katumi ta ce, "Mma, zo ka sansana. In ka ji wari, ni da kaina zan taya shi juyewa." Hajiya Awawu ta ɗaga murfin ta kai hanci. Ta sake kaiwa. Ta ce wa Masawudu ya tafi da bokitinsa, amma ta kafa sharaɗi: ita za ta riƙa sansanawa duk ranar da ta zo, kuma ranar da hancinta ya ce a'a, magana ta ƙare.

Aka tafi a haka har Fabrairu. Wata Talata bayan azahar, gari ya yi toka-toka, Katumi na jan carbi, sai ta ga inuwar ta fara tsawo. Gefe ɗaya na jan hagu, ɗaya na jan dama, tsakiyar na sirancewa kamar ƙullun da mutum biyu ke ja. Rami ya buɗe a tsakiya, haske ya ratso ta cikinsa. Ba ƙara, ba komai, sai gunjin inji. Ta tashi ta shige kicin ta rufe ƙofa, ta zauna a ƙasa har aka yi la'asar. Da ta fito, yadin fari ne tas. Ba inuwa ko ɗaya.

Ta buga wa shagon, aka ce Colin na asibiti an yi masa aiki, yaran shagon kuma ba su san komai ba. Ta ce hannunta ya kai bakin yadin ya fi sau goma. Amma ta riga ta ɗaga sau ɗaya a ɓoye, abin na damunta, kuma ta yi wa Hajiya alkawarin ba za ta kalli gilashin ba. Ban da haka tana tsoron abin da za ta gani.

Mako biyar ta yi da hanci kaɗai. Kowace safiya ta ɗaga murfi ta sansana. Hajiya ta zo ta sansana, ta dubi yadin, ta ce, "Ko dai ya mutu, ko ya fita. Ka duba ƙarƙashin gado?" Ba wasa take yi ba. Katumi ma ta duba. Ta ci gaba da kunna fitila wa farin yadi, tana canza ruwa duk Juma'a.

Takaba ta ƙare ƙarshen Maris, saura kwana kaɗan azumi. Ta yi wanka ta sa sabon zane. Mata uku suka zo, Hajiya a gaba. Kafin a taɓa madubin ɗaki Katumi ta nufi falo, ta kama yadin da hannu biyu ta yaye.

Kifayen na nan, sun yi ƙiba. Gilashin ya yi kore. Ta goge da tafin hannu, ta tuna dattin daga ciki yake, sai ta sunkuya ta leƙa ta inda ya rage. Can baya, a kogon dutse na hagu, ga animoni a buɗe, launin ƙasa-ƙasa ya dawo, kan yatsun ja-ja. Ta ce Alhamdulillahi.

Hajiya Awawu ce ta taɓa kafaɗarta ta nuna ɗaya gefen. A kogon dama, ga wata. Girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, yatsunsu na lilo tare.

Da Colin ya warke ya ce hakan na faruwa: in wahala ta yi musu yawa sukan tsaga kansu biyu, kowane rabi ya warke ya rayu. Ya so ya karɓi ɗaya ya sa a shago. Amma a ranar ba wanda ya san wannan a falon. Hajiya ta ja baya har ta jingina da bango, ta ce a hankali, "Katumi, ɗaya ya ba ka amana. Wanne ne nasa?"

Katumi ta dubi na hagu, ta dubi na dama, ba ta sani ba. Shi ya sa ta ce wa Colin a'a. Lokacin da take ba ni labarin sun zama bakwai, sun mamaye duwatsun har kifayen na raɓewa, kuma ba ta taɓa yarda an fitar da ko ɗaya daga gidan ba.