Rodin Tagar da Baffa Ya Gyara

Jiya da azahar zafin Garwa ya sa rodin tagata ya yi ƙara, sai Baffa ya faɗo mini a rai. Mai walda ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina.

Zuwansa na ƙarshe daga garin Kaele, ya tarar rodin ya lanƙwashe, bango ya tsage. Ya shafa rodin, rigarsa na ƙaurin ƙarfe.

"An matse shi, 'yata. Ƙarfe in ya sha rana miƙewa yake, sai an bar masa wuri."

"Baffa, ba ka da lafiya, ka huta."

Ya ƙi, sai da ya rage tsawon rodin. Bai ga daminar bana ba.

Allah ya jiƙan ka, Baffa, ya ba ka hutun da ka ƙi karɓa a gidana.