Tsinkayen Baba Kafinta

Kullum da hantsi Baba Kafinta yake buɗe rumfarsa a bakin layinmu. Kafin ya taɓa komai, sai ya juye wani tsohon gwangwanin madara a kan tsumma, tsinkayen injin huda bango su zubo, ya goge su ɗaya bayan ɗaya. Ga na katako mai ɗan tsini, ga na ƙarfe, ga na siminti mai faffaɗan baki, sai wani guda mai kama da kan mashi da yake naɗewa daban a takarda. Shekara arba'in ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, don hannunsa ya fara rawa. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, amma na kasa yin shiru.

Bara Kakarmu ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki. Ta samu sauƙi har tana takawa da bin bango, amma a banɗaki sai an riƙe ta. Abin ya tsaya mata a rai, har ta rage shan ruwa don kada ta kira mu. Umma ce ta lura kofinta ba ya raguwa. Likita ya ce a kafa mata ƙarfen dafawa.

Yayana ya aro inji, ya ce aikin minti biyar ne. Ya ɗaura tsinken katako, ya danna a jikin tayil da ƙarfinsa. Tsinken ya ƙone, tayil ya tsage.

"Wannan miji nawa ko rami bai iya hudawa ba," in ji Kaka. "Na fasa auren."

Muka yi dariya, amma ranar ma kofin nan bai ragu ba.

Washegari Baba Kafinta ya zo da gwangwaninsa. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya kara kunne.

"Samari, me bangon ya ce maka jiya?"

"Bango yana magana ne, Baba?"

"Yana yi mana. Kai ne ba ka gaishe shi ba."

Bai auna da tef ba. Ya roƙi Kaka ta tsaya ta miƙa hannu, inda tafinta ya sauka nan ya yi alama, ya manna salatif don kada tsinke ya zame. Ya warware mai kan mashin nan. Da ya ga hannunsa ba zai tsaya ba, sai ya miƙa wa Yaya injin, ya ɗora nasa hannun a kai.

"Kar ka danna. Bar shi ya ci da kansa."

Ni kuma ina ɗiga wa tsinken ruwa da cokali don kada ya ƙone. Da suka wuce tayil ya sauya na siminti. Da aka gama ɗaurewa, ya rataya a jikin ƙarfen da dukan nauyinsa.

"Hajiya, tunda ya ɗauke ni, ke ma zai ɗauke ki."

Baba, kai ne mai sauraron bango. Kai ne ka gyara kuskuren Yaya ba tare da ka kunyata shi ba. Mun gode, Allah ya ba hannun nan hutu da lafiya. Masu sana'a, ku je rumfarsa kafin ya rufe, ku koyi duba abu kafin ku huda shi.

Da yammacin ranar da aka kafa ƙarfen muka ji ƙarar sakatar banɗaki daga ciki. Umma ta juya baya tana share ido. Da Kaka ta fito, ta dube ni.

"Ke 'yar boko, ajiye littafin nan ki ciko min kofi."