Motar Baba a Tafin Hannu

A layin masu gyara, tsakanin mai ɗinkin takalma da mai sayar da batir, akwai wani ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum uku. Nan Mai Tabarau ya tsufa. Tun yana saurayi yake ɗaure ƙafar tabarau da ta karye, yana mayar da gilashin da ya faɗo, yana fama da 'yan sukurori kamar ƙwayar yashi. A gida kuwa Auta ake ce masa, duk da furfura ta cinye kansa, domin yayarsa ba ta taɓa yarda ya girma ba. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu.

Mahaifinsu direba ne. Lokacin da sojoji suka yi gwanjon tsofaffin motocin hafsoshi, ya sayi ɗaya, ya kankare koren fentin, ya ƙera mata ƙarfen ɗora kaya a sama, ya shiga jigilar fasinja. A jikinta suka tashi: Auta mai wanke tayoyi, Yaya mai share kujeru. Da Baba ya rasu aka sayar da ita, ko hoto ba a ɗauka ba.

Wata rana wani mai tallan tsofaffin kaya ya kawo tabarau gyara, ya ajiye tirensa a bakin shago. Cikin kwaɗuna da cokula sai ga wata 'yar motar ƙarfe, tsawon tafin hannu, koriya irin ta soja, da tuta a hanci, da tauraro a gaba, da ɗan hafsa zaune a baya. Mai Tabarau ya ƙura mata ido. Hancin nan mai tudu, fitilun nan kamar idon mujiya, ai motar Baba ce sak. Ya gyara tabarau, ya ce a bar masa motar a madadin lada.

Duk sanda kasuwa ta yi sanyi sai ya jawo ta. Ya cire tutar da filaya, ya goge tauraron da magagari, ya toshe ramin eriya da dalma. Hafsan ya ƙi fita sai da aka jiƙa shi a ruwan zafi. Ƙarfen ɗora kaya kuwa da ƙafafun tsofaffin tabarau ya haɗa shi. Daga nan ya shafe ta da shuɗi tun daga sama har ƙasa, ya aika a kira Yaya.

Ta zo tana dogara sanda, ta ɗaga motar kusa da ido, ta juya ta.

"Auta, motar wa ce wannan?"

"Ta Baba mana, Yaya."

"Motar Baba rufinta fari ne."

"Shuɗiya ce duka, na rantse."

"Kai da tsayinka bai wuce taya ba, yaushe ka ga rufi?"

Mai ɗinkin takalma ya yi dariya har allura ta soke shi. Mai Tabarau ya nemo farin fenti.

Tun daga ranar Yaya ta mayar da shagon wurin hira. Ita ta tuna masa cewa ƙofar baya ta hagu da igiya ake ɗaure ta, sai ya ɗaura zare. Ita ta nuna inda amalanke ya taɓa lotsa gefen, shi kuwa ya sa 'yar guduma ya lotsa da hannunsa, zuciyarsa na zafi. Shi kuma ya tuna mata yadda Baba yake shafa sitiyari yana lallashi in motar ta ƙi tashi da safe, Inna na cewa ita ba a taɓa lallashinta haka ba. Yaya ta yi dariya, ta share ido da bakin mayafi, ta ce warin fenti ne.

A kan kujeru ne suka kasa shiryawa. Shi ya ce ja ne, ita ta ce ruwan ƙasa. Suka yi ta musu har matar Mai Tabarau, da ta kawo abincin rana, ta tambaya:

"Wai ku, ina kowa yake zama?"

Shi a gaba, gefen Baba. Ita a baya, jikin Inna. Suka kalli juna. Ya fenta kujerar gaba ja, ta baya ruwan ƙasa, ba wanda ya ce ya yarda.

Ranar da fenti ya bushe, Yaya ta naɗe motar a hankici ta jefa a jaka.

"Yaya, ai ni na yi wahalar!"

"Ka yi ta kallonta wata da watanni. Babba ke riƙe kayan gida."

Yanzu motar tana kan kabad ɗin Yaya, kusa da agogo, inda hannun jikoki ba ya kaiwa. Mai Tabarau yakan rufe shago da wuri ya biya ta can, wai zai duba ko zaren ƙofa ya kwance. Yaya kan sa a dafa masa shayi, ta hana shi taɓawa sai ya wanke hannu.