Kawu Ila da Gurgun Dokin Zamalek

Kun dai san Kawu Ila, ba ya wuce hoton doki bai ja tsaki ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sukuwa a Maradi, sai ga shi direba a gidan wasu Turawa a unguwar Zamalek ta Alkahira, falonsu cike da zanen tseren dawaki na Faransawan da, irin wanda ake shafa launi sama-sama kamar ana sauri.

Ranar da na fara kai masa ziyara, ko ruwa bai ba ni ba ya ja ni gaban bango.

"Ɗan nan, ƙafa nawa kake gani a jikin wannan?"

"Uku, Kawu."

"Uku! Ta huɗun hayaƙi ce! Dubi wancan kuma, an datse shi a bakin katakon hoton, gindi a ciki, kai a waje. Wannan ba cin zarafi ba ne?"

Madam, uwargidan, ta taɓa lallashinsa. "Ila, ai gudu mai zanen yake nunawa."

"Madam, shekara ashirin ina gudu a kan doki, ban taɓa baro ƙafa ɗaya a gida ba!"

Da masu gidan suka yi tafiya, wallahi sai Kawu ya cire gilashin da ke rufe da hoton, ya ɗauki biro ya ƙarasa ƙafar har kofato, ya kuma gyara wa mahayin likkafa. Madam na dawowa ta ɗora hannu a ka, ta ce ya ajiye makullin mota. Mu duka hankalinmu ya tashi, don da aikin nan iyalinsa ke ci a gida. Shi ko a jikinsa.

"Khalas, shi ke nan, ku kore ni. Amma yau dokin nan ya tsaya da ƙafarsa."

Allah ya taimaka bugun inji ne, ba ainihin zanen ba. Kwana uku Madam ta sha wuyar tasi, ta aiko a kira shi. Aikinsa na farko, ya kai ta Wustul Balad, tsakiyar gari, sayen wani hoton. Mai shago ya zaro irinsa sak, ɗaya bayan ɗaya, har tuli guda. Kawu ya dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ashe gurgun nan haihuwa yake yi!"

Masu ce masa tababbe, ku ji tsoron Allah. Kullum cewa yake baɗi zai je gida ya hau doki ko sau ɗaya ne. A nan Alkahira muka binne shi bara, bai je ba. Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka makwancinka, ya sada ka da rahamarsa.